Gadon Da Alƙali Ba Ya Rabawa

Idan an ambaci gado, hankalin mutane ya kan tafi ga gona da gida da shanu. Amma akwai wani gado wanda alƙali ba ya rabawa, magada kuwa ba su da ikon su ƙi karɓa, watau gadon jini. A cikinsa akwai wata cuta ta yawan kitse, wanda likitoci ke kira kolestarol.

Ga yadda ta ke. Hanta ita ce ke tsame wannan kitse daga jini. Wanda ya gaji raunin hanta ta wajen mahaifi guda, kitsen ya kan taru a hankali, kuma a kan sami irinsa mutum 1 cikin kamar 250. Amma wanda ya gada ta wajen uwa da uba duka, tun yana yaro ƙulluka masu ruwan ɗorawa ke fito masa a gwiwa da gwiwar hannu, jijiyoyin zuciya su toshe, har ya kan rasu bai kai shekara 30 ba in ba a yi magani ba. Irin wannan da wuya ya ke, kamar 1 cikin 300,000. Likitoci biyu na Amurka, Brown da Goldstein, su ne suka gano sanadin, aka ba su kyautar Nobel a 1985. A 2021 kuwa aka yarda a Amurka da wani magani, Evkeeza, da a ke sa wa ta hanyar ƙarin ruwa, awa guda kowane mako huɗu. Yana rage kitsen da kamar rabi, amma ba ya warkarwa, ga shi da tsada ƙwarai.

To, a ƙaddara wani manomi a Kebbe ya auri 'yar baffansa, suka haifi yaro mai wannan cuta. Ya kai shi Tambuwal, daga can aka tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sai dangi suka rabu biyu. Waɗansu suka ce laifin iyaye ne da suka yi auren zumunci. Waɗansu suka ce ƙaddara ce, don me za a sayar da gero a kan ciwon da ba ya warkewa?

Na farko sun yi kuskure, gama ba a kama mutum da laifin abin da bai sani ba. Amma daga ranar da likita ya yi bayani, sani ya zo, nauyi kuwa ya biyo shi. Kowane cikin da matar nan za ta ɗauka, akwai tsoron kashi 1 cikin 4 ya zo da ita. Tilas a auna jinin sauran yara, a kuma gaya wa dangi gaskiya kafin su ƙulla wani aure. Ɓoyewa don gudun gori, nan ne laifi ke farawa.

Na biyu su ma ba su daidaita ba. Yunwa ba ta warkewa, duk da haka ba wanda ya daina cin tuwo. Maganin da ke ƙara wa yaro shekaru, har ya yi karatu ya yi noma, ba asara ba ne. Dogara ga Allah ba ta hana manomi fita da garma. Wanda ƙarfinsa bai kai ga ƙarin ruwa ba, ya riƙe ƙwayoyin rage kitse da ke samuwa da sauƙi, ba shi da abin zargi.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dangin da suka haɗa auren, suka ci shinkafar biki, su ya kamata su haɗa kuɗin mota da na magani. Zumuncin da ya tsaya a ranar buki kaɗai, bai cika sunansa ba.