Sabuwar Doka a Daren Alhamis Mai Tsarki

Kwana uku kafin Ista, Ikkilisiya takan tuna da daren da Ubangiji Yesu ya ci jibi na ƙarshe tare da almajiransa. Bisharar Yahaya sura 13 ta nuna yadda ya tashi daga cin abinci, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafunsu. Aikin bawa ne wannan, shi ya sa Bitrus ya ƙi da farko. A daren ne kuma ya ba su doka su ƙaunaci juna da irin ƙaunar da ya nuna musu.

Abin lura shi ne, Yahuza yana zaune a wurin sa'ad da aka kawo daron. Ubangiji ya san cinikin da ya ƙulla, duk da haka ya durƙusa a gabansa. Ya kuma san Bitrus zai yi musun saninsa kafin carar zakara. Ashe ba a lokacin salama aka ba da dokar nan ba.

Masu bi na Maiduguri ba baƙi ba ne ga irin wannan dare. An ƙone majami'u a Fabrairun 2006, an rushe ta EYN da ke Wulari a Yulin 2009. Ranar Litinin ta Mako Mai Tsarki, 14 ga Afrilu 2014, aka sace 'yan matan Chibok. Da Gwoza ta faɗi a watan Agusta na shekarar, jama'a suka kwararo birnin, ƙafafunsu duk ƙura da tsaguwa. Gidajen da suka buɗe ƙofa, suka raba tuwo da tabarma da wanda ba danginsu ba, sun yi wa'azin Yahaya 13 fiye da masu hawa bagade da yawa.

Amma karɓar baƙo ta fi sauƙi a kan gafarta wa na gida. Akwai masu zama a benci ɗaya shekara da shekaru ba sa ko gaisawa, saboda gādo, ko kabilanci, ko zaɓen dattawan ikkilisiya. A wurin 'Yan'uwa, waɗanda suka fara aiki a Garkida a 1923, wankin ƙafa hidimar kowane mai bi ce, ba ta fasto kaɗai ba. Wanda ke da ƙulli a zuciya ya nemi ɗan'uwansa tun ranar Laraba, kafin a zuba ruwa a daro.