Haƙuri ko Sakaci?

Hausawa na cewa haƙuri maganin zaman duniya. Sai dai akwai inda haƙuri kan rikiɗe ya zama sakaci, kuma ba a cika lura da iyakar ba.

A gari irin Safo, cikin gundumar Madarunfa, yaro mai lalurar da likitoci ke kira tirizomi 21 yakan tashi a tsakiyar dangi. Sannu a hankali yakan koyi gaisuwa, da wanka, da ɗebo ruwa, da kai saƙo maƙwabta. Asalin lalurar sananne ne tun 1959, lokacin da Lejeune da Gautier da Turpin suka gano a Faransa cewa kuromozom 47 ke jikin irin waɗannan yara, maimakon 46.

Amma wasu ƙalilan daga cikinsu, galibi tsakanin shekara 10 zuwa 30, sukan koma baya cikin makonni kaɗan. Magana ta ɗauke, barci ya ƙaurace, jiki ya sandare, abin da aka yi shekaru ana koyo ya zube. Sau da yawa hakan na biyo bayan rasuwa, ko tafiyar wani makusanci. A 2022 ƙwararrun likitoci, ƙarƙashin jagorancin Jonathan Santoro na Amurka, suka amince da alamomin gane wannan koma-baya a matsayin ciwo mai zaman kansa.

Nan ne tambayar ta taso. Da ɗan sakandare ne ya daina magana dare ɗaya, da an garzaya da shi asibitin Maradi. In kuwa wannan yaro ne, sai a ce ai dama haka Allah ya yi shi, ko a jingina abin ga iskoki. Kalmar "dama" ita ce zaluncin, domin tana shafe duk wahalar da ya sha kafin ya iya abin da ya iya. Alhali raunin tiroyid, da ɗaukewar numfashi cikin barci, da toshewar ji, da ciwon damuwa, duk suna iya jawo haka, kuma suna da magani. Shi kansa koma-bayan, wasu na samun sauƙi idan an tare shi da wuri.

Yarda da ƙaddara ba ta hana neman magani ba. Haƙuri na gaskiya shi ne na uwar da ta karɓi ɗanta yadda yake, ta kuma ƙi yarda cewa shirunsa na yau halinsa ne.