Fartanya: Darasi Ko Bulala?

'Yan'uwa ɗalibai masu shirin fita koyar da aikin gona, ga tambaya: shin ya halatta malami ya mai da fartanya bulala?

A da noma ba baƙo ba ne a birnin Kano. Da Barth ya zo a 1851, ya tarar da gonaki cikin ganuwa, don magabata sun bar fili saboda ranar da abokan gaba za su yi wa gari zobe. Yau gidaje sun cinye filin. Yaron Yakasai ko Mandawari wataƙila sai a gonar makaranta zai fara ganin tsiron gero. To, can ne kuma ake kora shi in ya makara, ya yi ta duƙe cikin rana, 'yan ajinsu na dariya. Kaka ta yi, amfanin ya bi motar manya.

Wani zai ce ai horo gyara ne. Na yarda. Amma me yaron ya koya? Noma na mai laifi ne, ci kuwa na mai iko.

Ni dai in na sami aji, kowane yaro zan yanka masa kunyarsa, abin da ta ba da nasa ne. Wanda ya makara kuwa ya ɗauki tsintsiya.