Lokacin Mutane Amana Ne

Ɗana, kai da aka ɗora wa sakatarcin ikilisiya, niyyarka ta mayar da tsarin zaman ma'aikata kan intanet niyya ce mai kyau, Allah ya sa albarka. Aikin ba shi da wuya: a Google Calendar ko Calendly, fasto zai ware sa'o'in da yake da sarari, ka tura wa dattawa da ma'aji da shugabar zumuntar mata, kowa ya zaɓi lokacin da ya yi masa, gurbin ya rufe, waya kuma ta tuna masa idan ranar ta matso. Sai dai kafin ka danna komai, ka zauna ka tuna su wane ne za su amsa kiran nan.

Mai bisharar da zai taso daga ƙauyen Faskari ko Sabuwa a kan babur yake zuwa, da kuɗin mai daga aljihunsa, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Don haka ka sa zama da hantsi, domin kowa ya koma gida da sauran rana, in damina ta sauka kuma ka rage yawan zaman, kada ka raba mutum da gonarsa saboda maganar da waya za ta iya gamawa.

Ka kuma yi hattara da inda kake tura jadawalin. Abin da ke nuna ranar da shugabanni za su taru, da wurin, da sa'ar, bai dace da babban zauren WhatsApp ba. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, babu wanda ke buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ka tura wa waɗanda abin ya shafa kaɗai, ɗaya bayan ɗaya.

Kada kuma ka jefar da littafinka na takarda. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, sai a Disamba aka fara dawo da su. Sanarwar ranar Lahadi bayan sujada ba ta jiran sabis. Dattijon da ƙaramar waya ke hannunsa kuwa, ka kira shi da bakinka, ka gaishe shi, ka shigar masa da lokacinsa, kada sabon tsari ya sa ya ji an ajiye shi gefe.

Abin da ya fi duka nauyi, ɗana, alkawari kaya ne. In ka rubuta ƙarfe goma, ka riga kowa isowa, ka kuma roƙi fasto cikin ladabi ya kiyaye. In mutane suka zo sau biyu suka tarar da ƙofa a kulle, a na uku ko wayar ta yi ƙara ba za su taso ba, kuma ba ka da bakin zarginsu. Allah ya ba ka ikon riƙe amana.