Wanda Ya Raba Ƙadangare Da Rana

Mai karatu, in kana bin finafinan Amurka wataƙila ka kalli Holes na kamfanin Disney, wanda ya fito a 2003. Ka tuna ƙadangarun nan masu ɗigo-ɗigon rawaya da aka ce duk wanda suka ciza sai kabari? To, a zahiri ba haka suke ba. Ƙadangaru ne masu gemu, 'yan asalin busassun dazuzzukan Ostareliya, aka yi musu kwalliya irin ta 'yan wasa. Sanyin hali gare su, har mutum ya ɗora ɗaya a kafaɗa ya yi lamo abinsa. Wannan ne ya sa a Turai da Amurka ake sayensu a ajiye a ɗaki, kamar yadda wani zai ajiye kyanwa ko aku.

Na san za ka yi dariya ka ce, ƙadangare kuma? Wanda ke gyaɗa mana kai a kan katanga kyauta? Ka ɗan dakata, domin akwai tambaya a ciki wadda ta shafe ni, ta shafe ka: shin sha'awar abu kaɗai ta isa ta ba mutum ikon mallakarsa?

Tun shekarun 1960 Ostareliya ta hana fitar da namun dajinta, don haka waɗanda ake sayarwa a kantunan waje a keji aka ƙyanƙyashe su. Sai dai jikinsu har yanzu na hamada ne. Ƙadangare ba ya samar wa kansa ɗumin jiki, daga rana yake aro. Wanda ya sa shi a akwatin gilashi dole ya kunna masa fitilar da za ta kai zafin gefe guda wajen digiri 40, ya bar ɗaya gefen da sanyi-sanyi don ya riƙa kai da komowa. Sannan ga wata fitilar daban mai hasken da ake kira UVB, wadda za ta yi kamar awa 12 a kunne kullum. In babu ita fatarsa ba za ta samar da bitamin D3 ba, in kuwa babu wannan jikinsa ba zai amfana da sinadarin kalsiyam ba. Daga nan sai ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su kasa ɗaukarsa. Ajiye shi a bakin taga ba ya magani, domin gilashi na tare hasken. Ita kanta fitilar ƙarfinta na raguwa tana ci, sai an canja ta bayan wata 6 zuwa 12.

Abinci fa? Ƙwari masu rai irin su gyare, a barbaɗe su da garin kalsiyam, ga kuma ganyaye, musamman in ya girma. Bayan an taɓa shi a wanke hannu saboda ƙwayar cutar salmonela. Kuma ba hidimar wata guda ba ce, yakan yi shekara 10 ko fiye.

To, ga inda gizo ke saƙar. Akuya in ta ji yunwa za ta cika gida da kuka, kare zai yi haushi. Shi wannan bawan Allah ba ya kuka. Zai yi watanni yana lalacewa a hankali, mai shi na kallonsa yana cewa kai, dabbar nan akwai haƙuri! Ba mugunta ce ke kashe shi ba, rashin sani ne. Amma rashin sani uzuri ne ga wanda ya je da ƙafarsa ya biya kuɗi ya ɗauko? Ni dai ina ganin a'a. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in bai sani ba, tambaya ta wajaba a kansa kafin ciniki.

Wani zai ce ai a keji ya fi samun tsaro, ba shaho, ba maciji. Gaskiya ne, kuma akwai masu kiwon da ke sauke nauyin yadda ya kamata. Ba da su nake ba. Amma ka tuna hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Laifin ya fara ne daga kullewar. Ƙadangaren katangarmu ba ya bin ka bashin komai, domin ba ka tare masa rana ba. Ranar da ka rufe ƙofa a kan wata halitta kuwa, ranarta da ruwanta da abincinta duk sun dawo wuyanka.

Don haka kafin ka ɗauko tattabara, ko aku, ko zomon da yara suka nace sai an saya musu, tambayi kanka: bayan ɗoki ya wuce, wa zai tashi da asuba ya duba su? In ba ka da amsa, bar su a inda ka gan su.