Sunan Baƙo Amana Ne



A cikinmu babu wanda bai san baƙo ba. Akwai mai shayi da ya zo daga Maraɗi ko Ƙonni, akwai mai gadi daga Tawa, akwai samarin da labarin zinariyar Bagega ya jawo daga ƙasashe maƙwabta, akwai kuma matan da aka auro daga ƙetaren iyaka, waɗanda yau 'ya'yansu suke wasa da namu. Kaɗan daga cikinsu muna zama da su a benci ɗaya ranar Lahadi. Mafi yawansu kuwa Musulmi ne da muke cin kasuwa ɗaya. Gwamnati ta ce lalle a rubuta sunayen irin waɗannan mutane. To, me bangaskiyarmu take koya mana game da wannan rubutu, da wanda aka rubuta, da mai riƙe da littafin?

ABIN DA DOKA TA TANADA

A watan Yuli na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da rajistar baƙi ta na'ura a ƙarƙashin Hukumar Shige da Fice, bisa Dokar Shige da Fice ta 2015 da ƙa'idojinta na 2017. Aka ce duk wanda ba ɗan Nijeriya ba, da ya kai shekara 18, kuma zai zauna fiye da kwana 90, ya je a ɗauki sunansa, hotonsa, zanen yatsunsa da wurin zamansa. Aka ba waɗanda suka shigo ba bisa ƙa'ida ba afuwar wata 6 domin su fito ba tare da hukunci ba. A Zamfara kuwa maganar ta zo a kan gaɓa mai zafi, domin a watan Afrilu na wannan shekarar ne Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, ta kuma ba baƙin da ke wuraren haƙa awa 48 su tashi, saboda zargin cewa akwai alaƙa tsakanin zinariya da 'yan bindiga.

Bari mu faɗi gaskiya tun farko: hukuma tana da iko ta san wanda ke cikin ƙasarta. Katikisim na Ikilisiyar Katolika, a lamba ta 2241, ya yarda cewa masu mulki suna iya sa sharuɗɗa a kan shigowar baƙi domin amfanin kowa, ya kuma ɗora wa baƙo nauyin bin dokar ƙasar da ta karɓe shi. Mu da muka binne 'yan'uwa, muka sayar da shanu da gonaki domin kuɗin fansa, ba za mu raina duk wani mataki na tsaro ba. Maigida ma yana son ya san wanda ya kwana a zaurensa.

TAMBAYOYI BIYU A BAITALAMI

Amma Littafi Mai Tsarki ya nuna mana cewa ba kowane mai tambayar suna ne yake da niyya ɗaya ba. Mai Bishara Luka ya ba da labarin ƙidayar da Kaisar Augustas ya umarta. Yusufu bai yi gardama ba. Ya ɗauki Maryamu da tsohon ciki, suka yi tafiya daga Nazarat zuwa Baitalami domin a rubuta su, a can kuma aka haifi Mai Cetonmu. Ashe Ubangijinmu da kansa ya shigo duniya a lokacin rajista, iyayensa kuma suka yi biyayya.

Mai Bishara Matiyu kuma ya ba da labarin wani bincike dabam a kan garin nan ɗaya. Sarki Hirudus ya kira masu hikima daga gabas a asirce, ya tambaye su daidai lokacin da tauraro ya bayyana, ya ce su gano masa inda yaron yake domin shi ma ya je ya yi sujada. Tambayar ta zo da ladabi, amma da wannan bayani ne ya lissafa shekarun yaran da zai kashe. Masu hikima suka sake hanya, ba su koma wurinsa ba. Yusufu ya tashi da dare ya gudu da iyalinsa zuwa Masar, Ɗan Allah ya zama baƙo a ƙasar wasu.

Ku lura, jama'ar Allah: abin da Kaisar ya nema da abin da Hirudus ya nema kusan ɗaya ne, wato wane ne, ina yake, yaushe ya zo. Bambancin yana ga abin da aka yi da amsar. Saboda haka duk wanda ya rubuta sunan mutum ya karɓi amana, kuma Allah zai tambaye shi yadda ya riƙe ta.

ABIN DA TARIHI YA KOYA MANA

Tsoron da baƙi suke ji ba na banza ba ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Dubban 'yan Nijeriya, har da Hausawan zango da aka haifa a can, suka dawo da abin da za su iya ɗauka a ka. A watan Janairu na 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, mu ma muka yi irin wannan: aka kori baƙi kimanin miliyan 2, 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Cadi da sauransu. Aka sake wata korar a 1985. Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981, wadda Nijeriya ta amince da ita, ta haramta korar baƙi a dunƙule, amma takarda ba ta tsayar da mota in zukata sun riga sun taurare.

Kada kuma ɗan ƙasa ya ce wannan ba ta shafe shi ba. A watan Janairu na 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka kai shi Cadi bisa da'awar cewa shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da Babbar Kotu a Maiduguri ta yanke hukunci cewa ɗan ƙasa ne, kuma an take masa haƙƙi. In an iya yi wa babban ɗan majalisa haka, yaya manomin Bukkuyum wanda aka haifa a ɗakin uwarsa, ba shi da takardar haihuwa, kakarsa kuma daga Gobir ta ƙetaren iyaka take? Iyakar nan Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, ta raba dangi ɗaya da harshe ɗaya gida biyu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A Ruwanda ma, katin shaida mai ɗauke da sunan ƙabila, wanda aka fara tun mulkin mallakar Beljiyam, shi ne masu kisa suka riƙa dubawa a shingayen hanya a 1994. Wanda ya fara rubutawa bai san hannun da littafin zai faɗa ba bayan shekara 60.

INA SIRRIN BAƘO YAKE A DOKA?

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin gidaje da wasiƙu da maganar waya, amma kalmar da ya yi amfani da ita ita ce 'yan ƙasa. Sashe na 34 kuwa, wanda ya kare mutunci, ya haɗa kowane mutum. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Mutane, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma shafi bayanan duk wanda ke cikin Nijeriya. Bisa wannan doka, mai karɓar bayani zai faɗi dalilin karɓa, ba zai ɗauki fiye da abin da ake bukata ba, zai kuma tsare abin da ya ɗauka. Mai bayanin yana da ikon ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya nemi a gyara kuskure. Addinin mutum, ƙabilarsa da zanen yatsunsa suna cikin abubuwan da dokar ta ce a yi musu tsaro na musamman.

Sai dai dokar ta sassauta wa hukumomi idan maganar tsaron ƙasa ce ko binciken laifi, kuma mun san cewa a jiharmu kusan kowace magana ana iya kiranta ta tsaro. Bugu da ƙari, a 2024 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan katin ɗan ƙasa a kan kuɗin da bai kai na kwanon masara ba. A wani wuri irin wannan ɓaraka tana jawo damfara. A nan kuwa, inda masu garkuwa da mutane suke farautar sanin wane ne ya sayar da hatsi, ina yake kwana, mece ce lambar wayarsa, jerin sunaye da ya fita daga ofis yana iya zama sanadin rai.

Akwai kuma wani sabon rashin tabbas. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna har kwana 90 ba tare da biza ba. A watan Janairu na 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu su yi zirga-zirga har sai an ba da wata sanarwa. Ke nan maƙwabcinmu ɗan Maraɗi yana tsaye a kan alfarmar da za a iya janyewa, kuma sunansa yana cikin na'ura.

ME YA KAMATA MU YI?

A Littafin Firistoci, sura 19, Allah ya umarci Isra'ilawa kada su zalunci baƙo, su ƙaunace shi kamar kansu, ya kuma tuna musu cewa su ma sun yi baƙunci a Masar. Wannan tuni namu ne a yau. Tun daga 2019 dubban mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina sun tsere wa 'yan bindiga zuwa yankin Maraɗi, inda aka rubuta sunayensu a matsayin 'yan gudun hijira. Yadda muke so a riƙe sunayen namu a can, haka za mu riƙe na wasu a nan.

Na farko, mu taimaki baƙo ya bi doka. Baƙo ko da ido makaho ne. Mai ilimi a cikinmu ya raka shi ofishin Hukumar Shige da Fice, ya karanta masa abin da zai sa wa hannu, ya tabbata an rubuta sunansa daidai, ya kuma nemi rasit a kan duk kuɗin da aka karɓa. Kada a miƙa takardu da lambar shaida ga 'yan kan hanya masu cewa za su gajarta wahala.

Na biyu, ku 'ya'yan Ikilisiya da ke aikin gwamnati, ko a shige da fice, ko 'yan sanda, ko ofishin katin ɗan ƙasa, ko fadar hakimi: abin da kuka gani a littafin aiki ya tsaya a wurin aiki. Sayar da bayanin mutum cin amana ne, tsoratar da baƙo domin ya ba da na goro kuwa ƙwace ne. Ku tuna da ungozoma biyu na Littafin Fitowa, Shifra da Fu'a, waɗanda aikinsu ya sa suka san kowace haihuwa, amma tsoron Allah ya hana su miƙa wa Fir'auna jariran.

Na uku, mu tsare harshenmu. Magana zarar bunu ce. Wanda ya ga laifi da idonsa ya kai rahoto ga hukuma, wannan wajibi ne. Amma a kira mutum ɗan leƙen asirin 'yan bindiga don kawai shi baƙo ne, ko Bafulatani, ko don ana bin ka bashinsa, wannan shaidar zur ce, kuma a ƙasarmu irin wannan zargi ya sha kashe mutum kafin a yi bincike. Wake ɗaya ke ɓata gari, gaskiya ne, amma ba a zubar da rumbu saboda shi.

Na huɗu, mu fara da gidanmu. Muna da littattafan baftisma da na aure, da jerin sunayen Zumuntar Mata, matasa da masu karɓar taimako. Dokar Ikilisiya ta 1983, a lamba ta 220, ta hana ɓata sunan mutum da keta sirrinsa. Katikis da sakatarori su kulle waɗannan littattafai, kada a ɗauki hotonsu a watsa a WhatsApp. Duk wanda ya zo neman su, ko da sunan hukuma ne, a tura shi wurin Fada, shi kuma ya nemi umarnin Bishof.

Na biyar, mu roƙi shugabanninmu cikin ladabi da naciya su bayyana wa jama'a da Hausa wa ke riƙe da waɗannan bayanai, wa ke da izinin dubawa, kuma ina talaka zai kai kuka idan aka rubuta shi baƙo a ƙasar kakanninsa.

'Yan'uwa, Ubangijinmu ya faɗa mana a Bisharar Matiyu, sura 25, cewa a ranar shari'a zai lissafa karɓar baƙo ko ƙinsa a matsayin abin da aka yi masa shi kansa. Allah ya san sunan kowannenmu da duk abin da muke ɓoyewa, duk da haka yana rufa mana asiri saboda jinƙansa. Bari ya ba masu mulkinmu adalci, ya ba ma'aikata tsoronsa, ya kawo salama a Zamfara, ya kuma mai da waɗanda suka gudu gidajensu lafiya. Iyali Mai Tsarki, Yesu, Maryamu da Yusufu, waɗanda suka san ɗacin baƙunci, su tsare baƙinmu da mu duka. Amin.