Lauyan da Ba Ya Karɓar Ko Sisi

A wani hadisi da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ummu Salama, Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa da abin da ya ji yake yanke hukunci, kuma wani yakan fi wani iya tsara hujja. Wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa da daɗin baki, wuta ya gutsuro wa kansa. Masu wa'azi sun fi tsayawa a kan macucin. Amma akwai mutum na biyu a cikin hadisin, wato mai gaskiyar da ya faɗi a shari'a don bai iya magana ba. Domin shi ne wasu lauyoyi ke ɗaukar shari'a kyauta.

Irinsa sun cika gidajen yarin Najeriya, inda kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a kawai suke yi. Wani an ba da belinsa, ba mai tsaya masa. Wani fayil ɗinsa ya ɓata tsakanin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a, shekara ta zagayo ba wanda ya tambaya. Gwamnati ta kafa hukumar ba da agajin shari'a tun 1976, sai dai lauyoyinta ba su isa ba.

Shari'ar Amina Lawal ta nuna bambancin da lauya ke kawowa ƙarara. A watan Maris na 2002 kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa kan zargin zina, saboda ta haihu bayan an sake ta, ba lauya a gefenta. Da aka ɗaukaka ƙara, lauyoyi suka shigo ƙarƙashin jagorancin Aliyu Musa Yawuri, cikinsu har da Hauwa Ibrahim 'yar Gombe, wadda ta yi aikin kyauta. Ba su fita daga cikin Shari'a ba, littattafan Malikiyya suka buɗe. Suka nuna cewa mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, cewa alƙali ɗaya ya zauna alhali doka ta ce ya zauna da mataimaka biyu, sannan suka kawo mas'alar kwantaccen ciki, wanda malaman mazhabar suka ce yana iya kaiwa shekara biyar bayan saki. Ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta. Duk waɗannan hujjoji suna nan tun ranar farko. Abin da babu a Bakori shi ne wanda zai miƙe ya faɗe su.

Shi ya sa kiran wannan aiki sadaka bai gamsar ba. Sadaka daga rara take fitowa, wannan kuwa ya fi kama da bashi, domin ilimin da lauya ke cin abinci da shi shi ne ya mayar da kotu wurin da talaka ba ya gane harshenta. Gani Fawehinmi, ɗan Ondo, haka ya ɗauki abin. Ya tsaya wa ɗan jarida Minere Amakiri, wanda aka yi wa bulala aka aske masa kai a Fatakwal a 1973, ya kuma yi shekaru yana bin kadin jinin ɗan jarida Dele Giwa da aka kashe. An tsare Gani ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma sai a 2001 aka ba shi muƙamin babban lauya na SAN.

Masu suka na cewa wasu neman suna suke yi, ko cika sharaɗin zama SAN, tunda ana duba shari'o'in kyauta kafin a ba da muƙamin. Akwai gaskiya a ciki, kuma niyya tsakanin bawa ce da Ubangijinsa. Amma uwar da ta sayar da akuyarta don kuɗin mota, ta zauna a bencin kotun majistare tun safe ana ɗage shari'ar ɗanta, buƙatarta ita ce wani ya rubuta takardar neman beli, ya kuma dawo ranar da aka ɗaga.